Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Dashin Da Ke Ƙarewa A Tudun Rairayi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mu ne talakawanka mazauna ƙauyukan da ke gindin tudun rairayi, manoma da makiyaya da matasa har da iyayenmu mata, mun haɗa baki mun kawo kukanmu gabanka saboda dashin da ke kan tudun nan yana ƙarewa muna ji muna gani, kuma in ba kai ka sa baki ba to wallahi babu wanda zai iya taka wa abin nan burki.

Dattawanmu sun ce kafin farin 1973 da na 1984 dashi ya cika tudun nan, fari ya kashe da yawa, wannan ikon Allah ne ba mu da ta cewa. Amma ragowar da suka tsira mu ne ke ƙarasa su da hannunmu. Dashi itace ne da ke kakkaɓe ganyensa tun farkon rani, ya tsaya ƙaya-ƙaya kamar ya mutu har sai damina ta matso sannan ya sake toho, to mai neman itacen girki in ya zo ya gan shi haka sai ya ce ai busasshe ne ya sa masa gatari. Alhali da zai kankare ɓawon nan mai ɓarewa da farce zai ga kore shar a ƙasansa, ga ƙaro yana tsattsafowa da ƙanshinsa, wato itacen na nan da ransa. 'Yan ƙananan da ke fitowa kuwa awaki da raƙuma ba sa barin su su kai gwiwa, shi ya sa yanzu in ka hau tudun tsofaffi kawai za ka gani, babu na baya masu tasowa.

Abin da ya fi ɗaga mana hankali shi ne tifofin da ke zuwa ɗiban yashi. Daga gindin tudu suke haƙa, in an kwashe ƙasa sai sama ta zabtaro, sai ka ga saiwar dashi tana reto a fili rana na dukanta, ba a jimawa ya faɗi. In ka yi magana a ce maka ai fili ne na banza babu mai shi, ba a noma shi. Ranka ya daɗe tudun nan ba na banza ba ne. Saiwar dashin ce ta riƙe rairayin, ganyen da yake zubarwa da 'yar inuwarsa su ke ba gamba da sauran ciyayi wurin kamawa, in an cire shi iskar hunturu ta samu hanya sai rairayi ya fara tafiya, kuma inda zai nufa mun sani, gonakinmu ne da rijiyoyinmu da burtalin dabbobi.

Wasu sun riga mu faɗa wa wannan rami. A Antioch da ke jihar Kaliforniya ta Amurka an yi ta kwasar yashin tudunsu ana buga bulo, musamman bayan girgizar ƙasar San Francisco ta 1906, har wani fure da asalinsa na wannan tudun ne ya kusa ɓacewa daga doron ƙasa. Sai a 1978 aka sa shi cikin jerin tsirrai masu ƙarewa, a 1980 gwamnati ta killace ɗan ragowar wurin, kuma daga baya dole aka koma ana yaso yashi daga kogi ana kawowa ana zubawa don a mayar da tudun da aka sayar a mota. Mu ina muka ga ƙarfin yin wannan? Gara mu tare abin tun yanzu.

Don haka muna roƙon arziki, dan Allah ka ba da umarni a dakatar da ɗiban yashi a ɓangaren da dashin ya rage, a kafa alama kowa ya san iyaka. Ba mu zo don mu toshe wa direbobi da leburori hanyar abincinsu ba, 'yan uwanmu ne, a zauna da ƙaramar hukuma a nuna musu wani wurin da ba zai cutar da kowa ba. Sannan dagatai da masu unguwanni su sa a yi shela cewa an hana saran dashi ɗanye ko wanda ake ganin ya bushe, wanda ya ƙetare kuma a kawo shi gabanka. Makiyayan cikinmu sun yarda a kewaye wani yanki na wasu damunai har ƙananan su fi ƙarfin akuya, in dai za a bar musu hanyar zuwa ruwa a buɗe.

Aikin ƙarfi kuwa mu za mu yi. Dashi ba ya wahalar dasawa, reshe ake yankowa a kafa a ƙasa gab da saukar ruwa ya kama, abin da muke so jami'an gandun daji su zo su nuna mana yadda za a yanki reshe ba tare da an illata uwar ba. Inda rairayi ya riga ya fara tafiya za mu yi masa shinge da kara gida-gida kamar gidajen dara, irin dabarar da mutanen Sin suka yi da haki a Shapotou tun shekarun 1950 don kare layin dogo, faɗin kowane gida mita ɗaya, ta tsayar musu da rairayi har tsirrai suka kama.

Muna roƙon ka turo wakili ya hau tudun nan tare da mu kafin damina ta sauka, don in lokacin kafa reshe ya wuce sai kuma baɗi. Allah ya ja zamaninka, ya kare ka daga sharrin maƙiya.

Naka masu biyayya,
Manoma, makiyaya, mata da matasan ƙauyukan gindin tudu