Wasiƙar Godiya Ga Makarantar Da Ta Koya Mana Ɗauko Labari Daga Sama

Zuwa ga Shugaba, da malamai, da injiniyoyin makarantar horar da ma'aikatan jirgi mai saukar ungulu.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku baki ɗaya.

Da gangan na rubuta wannan wasiƙa a bainar jama'a maimakon in aiko muku da ita a ambulan. Yaba kyauta tukwici, kuma alherin da kuka yi mana irin wanda ba ya fitowa a allon talabijin ne. Mai kallo yana zaune a gida, ya ga ambaliya ko gobara daga sama, hoto tsaf ba rawa ba girgiza, ya yaba wa gidan talabijin. Bai san waɗanda suka sha wahalar koya wa mutanen cikin jirgin yadda za su ɗauko hoton su kuma dawo gida da ransu ba. Ina so ya sani.

Ni mai ɗaukar hoto ne. Na yi shekara 11 ina saɓa kyamara a kafaɗa kafin gidanmu ya yi hayar jirgi ya ce ni zan riƙa hawa. Da aka tuntuɓe ku, an yi niyyar turo ni da matuƙi kawai. Ku kuka ce a'a, sai an haɗa da wakiliyar da za ta riƙa magana daga cikin jirgin, da kuma editan da ke zaune a ɗakin labarai yana ba mu umarni ta rediyo. A lokacin har an yi gunaguni, wai me edita zai yi a makarantar tuƙi, shi da ƙafarsa ba za ta bar ƙasa ba. Yau duk gidanmu babu mai sake yin wannan tambayar.

Ranar farko ba ku kai mu ko kusa da jirgi ba. Malaminmu, dattijon matuƙi mai magana a hankali, ya zaunar da mu ya fara da tarihi. Ya ce a 1958 ne wani injiniyan gidan talabijin na KTLA da ke Los Angeles, John Silva, ya ɗora kyamara da na'urar aika hoto a kan ƙaramin jirgi ƙirar Bell 47, aka fara watsa hoton labarai kai tsaye daga jirgi mai saukar ungulu. Ya tuna mana ranar 17 ga Yuni 1994, da jiragen gidajen talabijin suka bi farar motar da O.J. Simpson, fitaccen tsohon ɗan wasan da 'yan sanda ke nema, yake ciki a manyan titunan birnin, miliyoyin mutane suna kallo. Daga nan kowane gida ya gane abin da hoton sama yake jawo masa, gasa ta yi zafi.

Sai ya rubuta wata rana a allo: 27 ga Yuli 2007, birnin Phoenix a jihar Arizona ta Amurka. Da tsakar rana 'yan sanda suna bin wani mutum da mota, jirage biyar na gidajen talabijin suna shawagi a kansu. Biyu daga ciki, na KTVK da na KNXV, dukansu ƙirar AS350, suka yi karo a sama suka faɗo cikin wani wurin shaƙatawa. Matuƙa biyu da masu ɗaukar hoto biyu suka rasu nan take. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta gano cewa matuƙan ba su ga juna ba, kuma daga cikin abin da ya jawo haka har da cewa kowannensu yana tuƙi, yana bin motar da ido a ƙasa, yana kuma ba da rahoto ga masu kallo, duk a lokaci guda. Malam ya ajiye alli ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. A jirginku, in ji shi, matuƙi tuƙi zai yi. Magana da masu kallo aikin wakiliya ne. Sannan ya nuna ni ya ce, kai kuma kada ka zaci kyamara ce kaɗai aikinka.

Ban fahimci wannan maganar sosai ba sai a tashinmu na uku. Ina zaune a kujerar baya, akwatin juya kyamara a kan cinyata, idona kafe a kan ɗan allon da ke gabana. Na kamo wata mota a kan titi ina bin ta, hoton ya zauna daram, raina ya yi fari. Ba zato sai wata Malamarku, wadda ke zaune kusa da ni, ta ɗora tafin hannunta a kan allon ta rufe shi ruf, ta ce ta cikin abin magana, ina jirgi na biyu? Tun kafin mu tashi an gaya mana akwai wani jirginku da zai yi atisaye a yankin. Na ɗaga kai na duba dama, na duba hagu, ban gan shi ba. Ta ɗaga yatsa ta nuna bayan kafaɗata ta hagu, ga shi can sama da mu kaɗan, daidai kusurwar da matuƙinmu ba zai iya gani daga kujerarsa ba. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi kawai, wannan ɓangaren naka ne, in kai ba ka duba ba, babu mai dubawa. Gabana ya faɗi, domin a take na tuna mutum huɗun nan na Phoenix, biyu daga cikinsu a irin kujerata suke zaune. Tun daga ranar ba na haɗa daƙiƙu masu yawa ido a allo ba tare da na ɗago na share sama da kallo ba. Ya zame mini jiki.

Kun kuma koya mana yadda ake faɗin abin da aka gani. Ba a cewa ga wani abu can. Fuskar agogo ake bi: hancin jirgi ƙarfe 12, wutsiya ƙarfe 6. Sai ka ce jirgi, ƙarfe 8, sama da mu, yana matsowa. Kalma kaɗan, matuƙi ya san inda zai juya kai. Lokacin tashi da lokacin sauka kuwa ba hira, ba raha, ba maganar labari, sai abin da ya shafi jirgi. Haka idan an taru jirage da yawa a kan labari guda, kowa ya faɗi tsayinsa da gefen da yake zagayawa a tashar rediyon da matuƙa ke magana da juna, kuma kowa ya tsaya inda ya ce yake.

Darasin da ya fi sauya mini tunani shi ne na yadda iska ke ɗaukar jirgin. Mu masu kyamara mun saba da ganin jirgi mai saukar ungulu yana tsayawa cak a sama, sai mu ɗauka abu ne mai sauƙi, mu ce wa matuƙi tsaya nan, ɗan sauko ƙasa kaɗan. Kun nuna mana cewa waɗannan kalmomin na iya jefa jirgi cikin haɗari. Idan jirgi ba ya tafiya gaba sosai, kuma yana saukowa da saurin da ya wuce kimanin ƙafa 300 a minti alhali injin na aiki, yana iya nutsewa cikin iskar da farfelarsa take turawa ƙasa. A wannan hali ƙara ƙarfin injin ba ya ɗaga shi, sai ma ya ƙara zurma. Mafita ita ce a fitar da shi daga wannan gurɓatacciyar iska, ko ta gaba, ko ta gefe bisa dabarar da ake kira da sunan matuƙin nan ɗan Suwizalan, Claude Vuichard. Kun sa mu a na'urar kwaikwayon tashi muka ji yadda abin yake, sannan a sama can nesa da ƙasa malami ya gwada mana farkonsa, jirgin ya soma karkarwa, cikina ya ɗuri ruwa, ya fitar da mu cikin natsuwa.

Haka batun farfelar wutsiya, wadda ke hana jirgi juyawa a kan kansa. Tafiya a hankali, injin yana ja da ƙarfi, iska ta bugo daga baya, sai wutsiya ta kasa riƙewa, hanci ya fara juyawa ba da izinin matuƙi ba. Har bambancin jirage kun fayyace mana: babbar farfelar jirage ƙirar Bell da Robinson tana juyawa saɓanin hannun agogo in an dube ta daga sama, ta AS350 kuwa tana bin hannun agogo, don haka gefen da hancin zai fizga ya bambanta. Kun nuna mana jadawalin nan na tsayi da gudu, inda aka yi wa wani yanki inuwa, wato in injin ya mutu kana ƙasa-ƙasa kuma kana tafiya a hankali, babu isasshen sarari da za a sauko da jirgin lafiya da ƙarfin iska kawai. Abin takaici, daidai wannan yankin ne mai ɗaukar hoto ya fi sha'awar a tsayar da shi. Da na gane haka sai na daina roƙon a matsa kusa. Kyamarar da ke rataye a hancin jirgi tana da na'urar da ke shanye girgiza, madubinta kuma yana janyo abu daga nesa ƙwarai. Matuƙi ya yi ta zagaye a sama cikin kwanciyar hankali, ni in janyo hoton.

Ba zan manta da yinin da kuka ware wa mutanen da ke ƙasa ba. Iskar farfela tana iya ture mutumin da ya fake a kan rufin gida lokacin ambaliya, tana iya hura gobara, ƙarar jirgi kuma tana hana masu ceto jin muryar wanda gini ya danne. Jirgin kashe gobara da na ɗaukar majinyata su ne a gaba, mu a ba su wuri. Kuma idan ana watsa abu kai tsaye aka ga alamar za a yi asarar rai, mai kyamara ya ja hoton baya tun kafin edita ya ce masa komai, domin wanda ke cikin hoton ɗan wani ne, kuma wataƙila mahaifiyarsa tana kallo. Wannan darasi ya shiga raina fiye da yadda zan iya faɗa.

Wata biyar bayan mun dawo, aka tura mu ɗaukar wata ambaliya da yamma, rana ta kusa faɗuwa. Muna bin kogi a hankali, ina ɗaukar wasu mutane da ke fitar da kaya cikin kwalekwale. Na ɗago kai kamar yadda na saba, sai na hangi turken wutar lantarki a kan tudu ta hannun dama. Malam ya sha gaya mana cewa waya ba ta ganuwa daga sama, turke ake nema, in ka ga ɗaya ka nemi ɗan'uwansa. Na waiga hagu, ga ɗan'uwan can a ɗaya gaɓar. Na ce waya, ƙarfe 12, ta ratsa kogi. Matuƙi ya amsa da kalma ɗaya ya ɗaga mu sama, muka haye ta kan turken. Sai da muka wuce hasken yamma ya bugi wayoyin muka gan su, sirara kamar zaren gizo. Minti kaɗan bayan haka matuƙi ya ce man jirgi ya kai iyakar da muka yanke tun a ƙasa, za mu koma. A daidai lokacin hoton ya fi kyau, ana kuma gab da fara labaran yamma. Na yi shiru ina jiran abin da zai fito daga ɗakin labarai. Sai muka ji muryar edita, wanda ya zauna a ajinku tare da mu, ya ce ku dawo, abin da muka samu ya isa, Allah ya sauke ku lafiya. Ko ƙorafi bai yi ba. A nan na ga amfanin nacewar da kuka yi sai ya zo.

Godiya ta musamman ga injiniyoyinku, waɗanda suka zagaya da mu jikin jirgi da asuba suna nuna mana maɗaurin kyamara, da yadda nauyinta a hanci yake shiga lissafin nauyin jirgin gaba ɗaya, da dalilin da ya sa ko murfin madubi ba a bari sakaka a cikin jirgi in an cire ƙofa. Sun amsa tambayoyinmu ba gajiya ba raini. Haka ma'aikatan ofis da suka tsara mana lokutan tashi, suka riƙa sauyawa duk sanda yanayi ya ɓaci, ba tare da sun rage mana ko awa ɗaya ba.

Ranku ya daɗe, ina da roƙo guda. Gidanmu ya ɗauki sababbin masu ɗaukar hoto biyu da za su riƙa karɓa ta a kujerar baya, kuma shugabanninmu sun amince a turo muku su a zango mai zuwa, mu ma tsofaffin mu dawo mu sabunta karatu. Don Allah a haɗa su da Malamar nan, ta rufe musu allo kamar yadda ta rufe mini.

Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku a tashi da sauka, ya ƙara wa makarantarku albarka.

Naku cikin girmamawa,
Mai ɗaukar hoto, ɗaya daga cikin ɗalibanku.