Bahar Maliya ta yi ƙunci ga tashar harba roka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Tun da Rayyanah Barnawi da Ali Alƙarni suka tashi zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a watan Mayun 2023, wata magana ta ƙi mutuwa a majalisun Hausawan Jidda da Makka, har ma 'yan'uwanmu na Bur Sudan sun ɗauka: ga teku a ƙofar gida, me zai sa a riƙa zuwa Amurka ko Sin domin harba roka? Tauraron ɗan adam na farko na Sudan daga Taiyuan ta Sin ya tashi a Nuwamban 2019, tauraron SGS-1 na Saudiyya kuma daga Kuru ta Giyana ta Faransa a Fabrairun 2019. Tambayar tana kan hanya, amma amsarta ba za ta yi wa kowa daɗi ba. Samun gaɓa bai wadatar ba. Sai tekun ya kasance ta inda za a harba, kuma ya yi faɗi.

Kafin tauraro ya zauna a falakinsa na kusa da duniya, yana buƙatar gudun kusan kilomita 7.8 a daƙiƙa guda. Duniya tana juyawa ne zuwa gabas, don haka wanda ya harba gabas yana samun gyara daga juyawarta, kamar dutsen da ya fita daga majajjawa. A kan layin ikwaita gyaran mita 465 ne a daƙiƙa. A Kuru, can Giyana ta Faransa, mai digiri 5 arewa, kusan 463 ne. A Kef Kanaberal ta Amurka 408, a Baikonur ta Kazakistan kuwa wajen 323. Bur Sudan da Jidda suna tsakanin digiri 19 da 22, gyaransu ya haura 430. Ta wannan fuska ba mu da abin kuka, mun ma fi Amurka. Akwai kuma ribar da ta fi wannan: tauraron sadarwa da zai tsaya a tsayin kilomita 35,786 dole ya daidaita da ikwaita, kuma duk digirin da ya karkace da man kansa zai gyara. Wanda ya taso daga Kuru yana buƙatar ƙarin gudun da ya kai mita 1,500 a daƙiƙa wajen wannan aiki, na Kef Kanaberal kuwa wajen 1,800. Man da ya rage shi ne shekarun da tauraron zai ƙara yana aiki.

Matsalar tana ga abin da ke faɗowa. Roka hawa-hawa ce. Bayan minti biyu zuwa uku hawan farko ya ƙone mansa, sai a yar da shi, daga baya murfin da ke kare tauraron shi ma ya rabe biyu ya faɗo. Rokar Falcon 9, wadda ake dawo da hawanta na farko, kan sauke shi a kan jirgin ruwa kimanin kilomita 600 daga gaɓa. Bahar Maliya kuwa inda ta fi faɗi ba ta wuce kilomita 355 ba. Wanda ya tsaya a gaɓar Sudan ya harba gabas, abin da ke gabansa shi ne gaɓar Hijaz, ga Jidda, ga Makka a bayanta. Kuma kada a manta, idan roka ta kauce hanya, jami'in tsaron fili yakan tarwatsa ta a sama, tarkacen da sauran mai su watsu a ƙarƙashin hanyar. Abin da ya faru a Sicang ta Sin a Fabrairun 1996, inda roka ta karkace daƙiƙoƙi bayan tashi ta faɗa kan mazaunin jama'a, shi ya sa ba a wasa da wannan lissafi.

Gaɓar Saudiyya ta Bahar Maliya yamma take kallo. Mai harbawa yamma yana rasa gyaran, sannan ya biya kwatankwacinsa, wato asarar kusan mita 870 a daƙiƙa, kuma Sudan da Masar ne a gabansa. Isra'ila tana harbawa yamma daga Palmakim ta kan Bahar Rum, amma tilas ce ta sa, kuma ƙananan taurari kawai take iya ɗagawa. Gaɓar Saudiyya ta Tekun Fasha tana kallon gabas, sai dai Bahrain da Ƙatar da Iran da rijiyoyin mai na cikin ruwa sun tare gaba.

Wasu kan ce to a karkata, a bi tsawon tekun zuwa kudu maso gabas. Ana yin irin wannan kwana. Indiya tana yi daga Siriharikota domin kauce wa Siri Lanka, kuma man da kwanar ke ci ya yi yawan da ta fara gina wata tasha a Kulasekarapattinam saboda ƙananan rokoki. Amma a namu tekun, wannan layin shi ne titin jiragen ruwan da ke zuwa mashigin Suwez. Kowace harbawa sai an fitar da sanarwa ga matuƙa jiragen sama da na ruwa, a rufe yanki na sa'o'i, kuma kwale-kwale ɗaya ya shiga da'irar ya isa a ɗage aikin. Japan ta shekara da shekaru ba ta harbawa daga Tanegashima sai kwana 190 a shekara saboda yarjejeniya da masunta, sai a 2011 aka ɗage takunkumin. Can masunta ne kawai. A nan wa zai rufe sararin Jidda ana jigilar alhazai da masu Umara?

Ko an warware wannan, gaɓa tana da nata ciwon. Gishiri da raɓa suna cin ƙarfe. Harbawar farko ta rokar Falcon 1 a Maris na 2006, daga wani tsibiri a Kwajalen da ke Tekun Pasifik, ta lalace ne saboda wani noti na alminiyam da tsatsa ta ci, kananzir ya zubo, wuta ta kama. Sai kuma ruwa. Ƙarar injin kaɗai tana iya lalata roka idan ta bugi kankare ta dawo, shi ya sa ake kwararo ruwa a ramin wuta. A zamanin kumbon Shuttle, fiye da lita miliyan 1 ake sakewa cikin ƙasa da minti guda, kuma ruwan daɗi, domin na teku zai cinye bututu da dandamali. Da aka harba rokar Starship a Afrilun 2023 ba tare da wannan tanadi ba, kankaren dandamalin ya farfashe ya yi ta tashi sama. Bur Sudan da ke fama da ruwan sha, musamman bayan ɓallewar madatsar Arba'at a Agustan 2024, sai ta fara gina matatar ruwan teku. A haɗa da masana'antar oksijin mai ruwa, wanda ake ajiyewa a sanyin digiri 183 ƙasa da sifili a ƙasar da zafi ke haura 40, da lantarkin da ba ya yankewa, da na'urorin rada, da ma'ajiyar mai nesa da ma'aikata. A Alkantara ta Burazil mutum 21 suka rasu a Agustan 2003 sa'ad da injin roka ya kama da wuta a kan dandamali, kwanaki kafin harbawa.

A ganinmu, gaɓar da ta dace a wannan yanki ta Oman ce. Kusa da Duƙum, a wajen digiri 18, Tekun Indiya a buɗe yake gabas da kudu, kuma an riga an gwada ƙaramar roka a can a Disamban 2024. Ta Kenya ma an gani: Italiya ta harba taurari daga wani dandamali a cikin ruwa kusa da Malindi tsakanin 1967 da 1988, ciki har da tauraron da ake kira Uhuru a 1970. Idan Saudiyya na son ƙofar fita, haɗa hannu da Oman ya fi sauƙi, ko ta duba hamadarta ta Rub'ul Khali kamar yadda Rasha ta yi da hamadar Kazakistan, muddin maƙwabta sun amince da inda hawan farko zai faɗa. Bahar Maliya za ta iya ɗaukar tashoshin karɓar bayanan taurari, da wuraren gwajin inji a ɗaure, da ƙananan rokokin binciken yanayi masu hawa kilomita 100 zuwa 200 su faɗo cikin ruwa kusa. Yaranmu da ke karatun injiniya a Jidda da Bur Sudan su fi mayar da hankali kan waɗannan: walda ta bututun sanyi, kariyar ƙarfe daga tsatsa, da aikin rada.

Wassalam.

Wasu injiniyoyi Hausawa,
Jidda, Saudiyya.