Gashin Zangarniyar Alkama Gado Ne, Ba Gajiyar Iri Ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. A shirinku na noma, wani mai kira ya ce irin alkama yakan gaji in an daɗe ana maimaita shi, shi ya sa ake ganin zangarniya marar gashi ko doguwa ta fito a tsakiyar gona. Ana yawan faɗin haka a Kadawa da kwarin Haɗeja, amma ni ban yarda ba.

Gashin zangarniya, tsawonta, da yadda ƙwaya ke cushewa a jikinta, duk gado ne. Tun 1905 wani masani a Kambirij ta Ingila, Rowland Biffen, ya wallafa sakamakon barbarar da ya yi tsakanin alkama mai gashi da marar gashi. 'Ya'yan farko suka biyo marar gashin. Da aka sake shuka su, sai mai gashi ta dawo, kusan ɗaya cikin kowane huɗu. Ashe halin ɓuya ya yi, bai ɓace ba. Dalilin ke nan da masu fitar da iri, kamar na Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, sukan shafe shekaru suna tacewa kafin su miƙa wa manomi irin da ya tsaya a kama ɗaya.

To, in ya tsaya, ya tsaya. Alkama ba masara ba ce, kanta take yi wa barbara, furen maƙwabta ba ya shiga sai nadiran. Saboda haka baƙuwar zangarniya a gonar da aka shuka tataccen iri kamar Reyna 28 ko Atilla, galibi daga masussuka ta zo: injin da ya gama casa ta wani bai sha shara ba, ko buhun da aka juye wata alkamar a ciki, ko irin kasuwa da aka auna da mudu.

Kuma kada a raina gashin nan. Yana taimaka wa ƙwaya ta cika in zafi ya kawo kai bayan hunturu, sannan jan-baki ba ya jin daɗin sauka a kansa.

Roƙona, ku gayyato malamin gona kafin alkama ta fitar da kai, ya koya mana ware kwami na iri, a bi shi da safe a tuge duk wadda ta fita daban, a yi sussukarsa shi kaɗai.

Naku,
Mai sauraro daga Kura, Jihar Kano