Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Katsina kan mutanen tsohon Lardi

Mai girma Gwamna, Malam Dikko Umaru Raɗɗa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, koke na kawo a kan tarihin ƙasar da Allah ya ɗora maka jagorancinta, domin 'ya'yanmu suna tasowa ba su san su wane ne suka gina ta ba.

Jihar da Janar Babangida ya ƙirƙiro ranar 23 ga Satumba 1987 ita ce tsohon Lardin Katsina, wanda Turawa suka haɗa masarautun Katsina da Daura a cikinsa a 1934. A 1967 aka gwama mu da Lardin Zariya a Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976. Wannan ɗan firamare ma zai haddace. Abin da ke neman ɓacewa shi ne labarin mutanen da suka zauna a cikin lardin.

Birnin Katsina da baƙi ya tashi. Wangarawa sun zo daga yamma da fatauci da littattafai tun zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Korau. Wali Ɗan Masani, wanda duk Bakatsine ke tinƙaho da shi, asalin gidansu Barno ne. Buzaye suna saukowa daga Azbin da ayarin raƙuma ɗauke da gishiri, wasu suka yi aure suka zauna, jikokinsu yau ba su jin wani harshe sai Hausa. Bayan jihadi Ummarun Dallaje ya kafa sarautar Dallazawa, sarakunan Haɓe suka koma Maraɗi, har zuwa lokacin da sarauta ta shiga gidan Sulluɓawa ta hannun Sarki Muhammadu Dikko. A Daura kuwa labarin ya sha bamban: tsohon gidan sarauta ya yi zaman Zango da Ɓaure, sannan aka dawo da shi gadonsa a 1906. Ga Maguzawa a ƙasashen Malumfashi da Kafur, manoma na gaske, waɗanda ba kasafai ake ambatonsu ba idan ana lissafin Katsinawa, kuma wannan rashin adalci ne. Da jirgin ƙasa da cinikin auduga suka buɗe Funtuwa, Yarbawa da Ibo da Nufawa suka cika ta, akwai gidajen da yanzu sun kai jika da tattaɓa kunne a garin.

Wanda ke shakka ya je kasuwar shanu ta Mai'aduwa. Bafulatani ne ya koro bijimin, Bahaushe ne dillalin da ya kama igiya yana rantsuwa a kan kuɗin, mai saye ya tsallako daga Nijar ko ya taso daga Legas, a tafa hannu a ce Allah ya sa albarka, yaran mota su hau loda tirela.

Dalilin rubuto wannan wasiƙa, ranka ya daɗe, shi ne abin da 'yan bindiga suka jefa mu ciki. Jinin da aka zubar a Batsari da Safana da Jibiya da Ƙanƙara ya bar mutane da ɗacin rai, kuma suna da gaskiyar jin haka. To amma wasu sun sami ƙofa a Facebook da TikTok suna koya wa matasa cewa Hausa da Fulani abokan gaba ne tun fil'azal. Yaron da kakarsa Bafulatana ce, kakansa jikan Barebari, shi ne yake yaɗa irin wannan magana, saboda ba a taɓa zaunar da shi an faɗa masa asalinsa ba. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Roƙona shi ne ka ba Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha kuɗi da umarni, ta haɗa kai da malaman tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, a bi ƙananan hukumomi 34 ana naɗar muryoyin dattawa, arɗo da mai unguwa da tsohuwar ungozoma, tun suna da rai. Wannan ne mafi gaggawa, domin kowace damina muna binne wasu. A kuma kwafo rahotannin Razdan da na Di'o, wato jami'an Turawan mulkin mallaka, da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, a ajiye su a Katsina inda ɗalibi zai iya karantawa ba sai ya biya kuɗin mota ba. Daga ciki sai a fitar da ɗan littafi da Hausa mai sauƙi don 'yan firamare, wanda zai faɗi yaƙe-yaƙen da aka yi ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ya kuma faɗi auratayya da cinikin da suka biyo baya, da sunan kowace ƙabila a ciki.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya, Katsina