Mutumina, sun saka min tsuntsun Ostireliya a fadamar Nguru

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Kumasi, ya iyali? Na san ka cika ka batse saboda shirun da na yi, to ka sauke, Bazazzagi ba ya fushi da ubangidansa. Bari in fara amayar da abin da ya tokare min wuya.

Fim ɗin fadamar Haɗeja da Nguru da na ɗaukar wa sauti an gama shi. Shekaranjiya aka kira ni situdiyo in saurari haɗin ƙarshe. Na sa hedifon, hoto ya buɗe da asubar Dagona, matattarar tsuntsayen ruwa a fadamar, hazo kwance kan ruwa, kawai sai na ji wani tsuntsu ya tuntsire da dariya. Kookaburra, malam! Ɗan Ostireliya, wanda ko a mafarki bai san hanyar Gashuwa ba. Yaron da ke tace sauti ne ya sauko da shi daga intanet. Ban ga laifinsa sosai ba, tun finafinan da can Hollywood ke liƙa wannan dariyar a kowane ƙungurmin daji, har kunnen duniya ya ɗauka haka daji yake kuka.

Na ce to ina nawa? Darakta ya ce nawa akwai datti.

Bari ka ji dattin. Tun kafin assalatu nake cikin kwalekwale, sanyin hunturu na ratsa ƙashi, makirfo cikin rigarsa ta gashi saboda iska, ko tari na haɗiye. Kwaɗi suka fara yin shiru, sai kirinjijiya suka taso garke guda da fitonsu, dinya ta wuce ta kaina har ana jin fukafukanta suna yankar iska. Can ƙasa-ƙasa kuma ladanin wani ƙauye, da injin ban-ruwa na wani manomi yana tuf-tuf-tuf bai fasa ba. Injin nan shi ne laifina. Wai waɗanda za su kalla a waje ba su biya kuɗi don su ji inji ba.

Sun ma fara gwada wanke shi da manhajar nan mai cire hayaniya. Ta cire injin kam, amma ta haɗa da rabin fiton kirinjijiya, abin da ya rage sai ka ce an tsoma rediyo a randa. Da suka ga ya lalace shi ne suka je aro.

Abin da ke ƙona min rai, injin nan ai shi ne fim ɗin. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamar ta sauya, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya nutse wani ya bushe. Mutumin da ke wurin da ya bushe dole ya ja ruwa da fetur. Ka kawo masana suna ta bayanin wannan a gaban kyamara, sannan ka goge shaidar da kunne zai ji da kansa?

Af, Dogo ya yi aure. E, Dogo dai. Ranar ɗaurin aure babbar rigar da ya aro ta tsaya masa a gwiwa, Gwaggo ta ce ko ta ƙanensa ce. Ya ce in gaya maka gudummawarka ba ta faɗi ba, bashi ce.

Kar ka ce na zama waliyyi, na san abin da za ka faɗa. Ni ma ina haɗa sauti a ɗaki. Takun saniya a taɓo da hannuna na yi shi cikin roba da jiƙaƙƙen tsumma, tashin balbela kuma tsohuwar lema na buɗe na rufe. Sana'a ce tsohuwa, sunan Jack Foley na kamfanin Universal ma take ɗauke da shi, kuma manyan masu finafinan namun daji suna yi, domin gilashin kyamara yana jawo abin da ke nesa, makirfo ba ya iyawa. Amma saniyar ta taka taɓon da gaske, na cike gurbin abin da ya faru ne. Tsuntsun da bai taɓa sauka a wurin ba kuwa shaidar zur ce. Kuma ana kamawa. A shekarar 2000 masu sha'awar tsuntsaye a Amurka suka ji kukan da bai dace da wurin ba a wasan golf da CBS ke nunawa, sai da tashar ta amsa cewa na faifai take sakawa.

Na ba darakta labarin Bernie Krause, wanda ya ɗauki sautin wani daji a Kalifoniya a 1988, aka zo aka sare wasu itatuwa jefi-jefi, ya koma bayan shekara. A ido dajin na nan kamar ba a taɓa shi ba, a faifai kuwa yawancin tsuntsayen sun yi tsit. Ya saurare ni tsaf, ya ce labari mai daɗi, ya ci gaba da danna waya.

Yanzu dai mun tsaya a kan za a cire ɗan Ostireliyan, injin kuma a rage shi kaɗan. In suka saɓa, sunana ba zai fito a fim ɗin ba, na faɗa musu. Asalin ɗaukar na adana ta wuri biyu, ko kobo ba a biya ni ba tukuna balle su ce tasu ce.

Wata alfarma: gobe da asuba ka ajiye wayarka a taga ka ɗaukar min zango yana farkawa, minti goma, kar ka yi magana a kai. Na san wannan sharaɗin zai fi yi maka wuya. Ka gaida madam, ka ce yajin da ta aiko ya ƙare.

Naka,
ubangidanka na Kano