Bakina ya yi nauyi wajen addu'a

Baba Fasto,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya hidima, yaya iyali? Duk mako ina sauraron shirinka a 'yar rediyon da marigayi maigidana ya bari.

Ni gwauruwa ce mai 'ya'ya biyar, a wani ƙauye a ƙasar Haɗejiya. Ambaliyar 2022 ta cinye mana gonar shinkafa, ta kayar da ɗaki biyu da rumbu. Da ruwa ya janye, sai na tarar da damman geronmu sun tsiro a cikin laka, har sun fara wari. Kafin wata damina ta kewayo maigidan ya kwanta, bai tashi ba.

Ba roƙon abinci ya sa na rubuto ba, Baba. Addu'a ce ta gagare ni. Shekara da shekaru ni ke buɗe taron zumuntar mata a majami'armu ta ECWA, amma yanzu in na durƙusa, daga na ce "Ya Uba" sai maƙogwarona ya toshe. Ranar Lahadi aka karanta Littafin Makoki sura 3, inda aka ce jinƙan Ubangiji ba ya ƙarewa, sabo ne kowace safiya. Kowa ya ce amin, ni kuwa ina lissafin safiyar da na sallami yara makaranta da ruwan kanzo.

Mata suna ta tuna mini da haƙurin Ayuba. To ai na karanta, Ayuba ma ya la'anci ranar da aka haife shi. Dawuda kuma a Zabura 13 ya tambayi Ubangiji har yaushe zai manta da shi. In su sun yi, me ya sa ni ake ce mini gunaguni nake yi?

Ga wani abu kuma. Maƙwabciyata Musulma ce. Rannan da almuru ta aiko jikanta da kwano biyu na masara, an ɗora ƙullin daddawa a kai, ta ce kada in zo godiya. Na rungume kwanon ina kuka, amma ko a nan ban iya ce wa Allah na gode ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Zunubi ne in faɗa masa cewa raina a ɓace yake? Kuma in ajiye jagorancin addu'ar har zuciyata ta dawo, ko in ci gaba da tsayawa gaban mata da baki kawai? Ban gaya wa fastonmu ba, kunyarsa nake ji.

Don Allah a sakaya sunana.

'Yarka cikin Ubangiji,
daga Jihar Jigawa