Zuwa ga aminina a Kumasi

Assalamu alaikum mutumina, ya gida ya iyali ya kasuwa? Da fatan Hajiya da yara duk suna lafiya. Mu nan Kano sai godiyar Allah, zafi ne dai ya sako mu a gaba.

Na ji saƙonka cewa likita ya ce jininka ya hau, Allah ya ƙara sauƙi. Toh ba kai kaɗai bane wallahi, a sahun farko na masallacinmu in ka cire mutum biyu uku sauran duk ko hawan jini ko suga ko duka biyun, wani ma ɓarin jikinsa ya shanye sai a keke ake kawo shi Juma'a. Wannan ne yasa liman ya ɗauki maganar da gaske, kuma abinda nake so in baka labari kenan ko zaku gwada a naku masallacin na zango.

Kasan halin mutanenmu, likita zai yi ta bayani a ce masa toh, ana fita an manta, amma in malam ya faɗa bayan sallar asuba har gida ake kai maganar. Ai mun gani a polio, 2003 aka ƙi rigakafin a nan Kano, ba'a samu kan jama'a sosai ba sai da sarakuna da malamai suka shigo ciki, har a 2020 aka ce Najeriya ta rabu da cutar. Liman ya fara da ayar Suratul A'araf ta ku ci ku sha kada ku yi ɓarna, da hadisin raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi, sannan ya gayyato wani ma'aikacin lafiya ɗan unguwa ya zo da na'urar awon jini yana gwada mutane a harabar masallaci kyauta. Shi ya faɗa mana Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum a yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan, kuma har da wanda ke cikin dunƙule, nan fa wuri ya kaure da dariya don kowa yasan nawa ake jefawa a tukunyar gidansa. Motsa jiki kuma minti 150 a sati, wato in ka yi tafiyar sauri ta rabin awa kwana biyar ka cika.

Amma ni a ganina wa'azin ba shine ya yi aiki ba, abinda aka canza a tabarma ne. Meye amfanin a gama faɗa maka illar sukari sannan a buɗa baki a dire maka katan ɗin lemon kwalba da fanke da kunun da ya sha sukari kamar za'a ɗiga shi a biredi? Kwamiti suka roƙi masu kawo sadaka su dinga kawo dabino da kankana da ruwa, zoɓo kuma a rage masa zaƙi, walimar sauka ma an fara ganin kwaɗon zogale da rama da dafaffen wake kusa da shinkafar. An sha gunaguni fa, wani dattijo ya ce shi bai zo masallaci don a bashi ganye ba, wasu kuma suna ganin rowa ce aka fake da likita. Su masu kuɗin ma sun fi wahalar shawowa, don a wajensu katan ɗin lemo shine mutunci.

Tafiya kuma bata zo da wahala ba tunda akwai ladan taku zuwa masallaci, liman ya ce mai lafiyar ƙafa ya daina hawa babur don zuwa masallacin da yake hango hasumiyarsa, bayan asuba kuma wasunmu muna zaga unguwa kafin rana ta ɗaga, hira ake ana tafe. Inda muka gaza shine mata, su suke girkin amma basa jin karatun asuba, kuma ba zaka ce matar aure ta fito titi tana sassarfa ba. Yanzu dai malamar Islamiyyar matan aure ta karɓi abin, can ake maganar mai da gishiri. Wani abokin kasuwancina na Sabon Gari ya ce a cocinsu zumuntar mata ce ke riƙe da irin wannan, kaga su ta nan sun riga mu.

Kai dai kada ka ce tafiya da zogale sun isa ka ajiye ƙwayar da likita ya rubuta maka, ka dinga sha kullum kana zuwa awo. Kuma dan Allah a sassauta wa fufu da miyar manjan nan da daddare, na sanka. In ka yi wa limaminku maganar ka faɗa min yadda kuka yi. Ka gaida Hajiya da Baba, yaran nan suna tambayar goron da ka yi musu alkawari.

Naka har kullum,
amininka na Kano